Duhun Yaƙin Winterfell da Ganuwar da Aka Bari a Baya

Tambaya: Ina koyon aikin kyamara da tace fim. Na kalli yaƙin da aka yi da rundunar matattu a Winterfell, a zango na takwas na Game of Thrones, amma rabin abin da ya faru ban gan shi ba saboda duhu. Laifin wayata ne, ko haka aka ɗauke shi? Kuma na ji ana cewa tsarin kare garin bai yi ba, wai yaƙin Blackwater na zango na biyu ya fi shi nesa ba kusa ba. Da gaske ne?

Amsa: Ƙanena, wayarka tana da nata kason laifin, amma ƙarami ne. Haka aka ɗauke shi, kuma da gangan. Batun Blackwater kuwa, ni ma ina tare da masu cewa ya fi, duk da cewa kuɗin da aka kashe masa bai kai na Winterfell ba, ko kusa. Tambayoyin naka biyu tushensu ɗaya. A yaƙin ƙawanya, wato inda runduna ta kewaye gari mai ganuwa, mai kallo yana bukatar ya san abu huɗu a kowane lokaci: ina ganuwa take, ina ƙofa take, su wa ke tsaronta, kuma me zai sami mutanen ciki idan ta faɗi. Blackwater ya riƙe waɗannan tun daga farko har ƙarshe. Yaƙin Winterfell ya sake su tun kafin a raba dare, sai duhun ya zo ya ƙarasa abin da ya rage.

Kafin in soki aikin, bari ka san girman wahalar da aka sha a kansa, domin kai ma hanyar da ka ɗauko ke nan. Kashin da kake magana a kai shi ne na uku a zango na takwas, sunansa The Long Night, tashar HBO ta nuna shi ranar 28 ga Afrilu, 2019. Tsawonsa minti 82, kuma babu kashin da ya kai shi tsawo a cikin kashi 73 na shirin gaba ɗaya. Darakta Miguel Sapochnik ne ya ba da umarni, Fabian Wagner ya jagoranci ɗaukar hoto. Dare 55 suka yi suna ɗauka a waje a Arewacin Ireland, cikin sanyi da ruwa da taɓo, da mutum kusan 750 a lokeshan, ban da makonnin da suka ƙara a cikin situdiyo. Rahotanni sun ce kowane kashi na wannan zangon ya ci kimanin dala miliyan 15. Duk wanda ya taɓa kwana uku a jere yana aikin dare ya san yadda jiki yake komawa, balle wata biyu. Ina girmama mutanen nan ƙwarai, kuma shi ya sa abin yake damuna, domin yawancin masu kallo ba su ga gumin da suka zubar ba.

To, me ya faru da hoton? Bidiyon da ke zuwa wayarka ko talabijin ɗinka yana da matakan haske 256 ne kawai tsakanin baƙi ƙirin da fari fat, kuma ba duka ake amfani da su ba. Idan an ɗauki fage da rana, hoton yana bazuwa a kan kusan dukkan matakan. Idan an ɗauke shi da dare, da hasken tocila da wutar itace kawai, to fuskar mutum da rigarsa da bangon da ke bayansa duk suna cunkushe ne a 'yan matakan ƙasa. Bambancin fuska da bango zai iya zama mataki uku ko huɗu. A ɗakin mai gyaran kala, inda aka kashe fitila kuma allon mai tsada ne da aka saita daidai, waɗannan matakai ukun suna fitowa tsaf. Matsalar tana farawa ne idan hoton ya bar ɗakin.

Kafin fim ya bi intanet sai an matse shi, kuma manhajar da ke matsewa tana da dabaru biyu. Na farko, tana zubar da abin da take ganin ido ba zai lura da shi ba, kuma wurin da ta fi yi wa ɓarna shi ne duhu. Na biyu, a cikin hotuna 24 da ke wucewa a kowace daƙiƙa, ba ta ajiye kowanne cikakke, tana ajiye bambancin da ke tsakanin wannan da na bayansa ne. Idan mutum biyu suna zaune suna hira, bambancin kaɗan ne, hoto ya fito garau. Amma ka duba abin da aka cika yaƙin Winterfell da shi: ƙanƙara mai zuba, hayaƙi, hazo, harshen wuta, kyamarar hannu mai girgiza, ga ɗaruruwan jikkuna suna guje-guje. Babu ɗigo ɗaya da ya zauna a inda yake. Manhajar sai ta rasa abin da za ta riƙe, ta mayar da duhun dunƙule-dunƙule, kamar an shafa toka a fuskar allo. Mutanen Amurka da suka kalla kai tsaye a daren farko sun yi wannan kukan. Ka ƙaddara namu a nan, inda fim yake zuwa ta hannun masu turawa a waya, an sake matse shi sau biyu ko uku don ya shiga memori, sannan a kalle shi a ƙofar shago da rana tsaka. Lokacin da zangon ya fito a faifai mai inganci a ƙarshen 2019, mutane da yawa sun ce sai a sannan suka ga abin da aka yi.

Da aka tambayi Wagner, ya kare kansa da cewa mutane da yawa ba su iya saita talabijin ɗinsu ba, kuma suna kallo a ƙananan na'urori ko a ɗaki mai haske. Gaskiya ya faɗa, amma ban yarda ta wanke shi ba. Shiri ne na talabijin, don gidajen mutane aka yi shi, ba don ɗakin gyaran kala ba. Mai ɗaukar hoto yana da haƙƙin ya zaɓi duhu, sai dai wajibi ne ya san inda aikinsa zai sauka. Sapochnik da kansa ya ce ya yi nazarin yaƙin Helm's Deep na fim ɗin The Two Towers na 2002 kafin ya fara. Shi ma wancan yaƙin dare ne, har da ruwan sama, amma mai ɗaukar hoton fim ɗin, Andrew Lesnie, ya zuba masa shuɗin haske mai kama da farin wata. Kana ganin kowace fuska. Ka san ga doguwar ganuwa, ga magudanar ruwa a gindinta inda za a fasa, ga gadar da ke hawa zuwa ƙofa, ga hasumiyar da za a koma idan an ci ganuwa. Babu mai kallon da ya tsaya yana tambayar daga ina hasken yake. Mutum yana yarda cewa dare ne muddin launin dare ne, ba sai an rufe masa ido ba.

Yanzu batun tsarin yaƙi. Ba sai mun je nesa ba don mu san aikin ganuwa, tunda kakanninmu gwanayenta ne. Badalar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara ginawa a ƙarni na 12 kuma aka faɗaɗa a zamanin Muhammadu Rumfa, ta ba Turawan da suka zo a 1903 mamaki. Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, ya rubuta cewa tsayinta ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta ƙafa 40, kewayenta mil 11, da ƙofofi 13. Abin lura a nan shi ne yadda aka jera kariyar. Gwalalo yana waje, a gaban ganuwa, cike da ƙaya. Wasu ƙofofin an shigar da su ciki a kusurwa, ta yadda duk wanda ya doso su yana cikin harbin 'yan baka daga hagu da dama. A ciki kuma an bar gonaki, domin magina sun san yunwa ta fi tsani cin gari. Hikimar ita ce abokin gaba ya sha wahala mataki-mataki: kibiya ta same shi tun yana nesa, rami ya tsayar da shi a inda kibiyar ta fi kaifi, bango ya tilasta masa hawa ɗaya bayan ɗaya, kai kuma kana sama kana jiransa. Da haka mutum ɗari suke tsare gari daga mutum dubu.

Ka ɗauki wannan jerin ka ɗora a kan Winterfell, za ka ga an juya shi baibai. A can gaba, a bakin duhu, mahayan Dothraki ne. A bayansu majaujawar jifan duwatsu, waɗanda ya kamata su zauna a wuri mafi tsaro domin su ne ke da dogon hannu. Bayan su dakarun Unsullied da mashi da garkuwa, da mutanen Arewa a gefe da gefe. Sai a bayan duk waɗannan aka haƙa gwalalo, sannan ganuwa. Ma'ana, ramin da aka haƙa don ya tsayar da matattu yana tsakanin sojojin gari ne da ƙofar garinsu. Da lokacin ja da baya ya yi, dubban mutane suka matsu a 'yar ƙaramar hanya ɗaya, har sai da Grey Worm, kwamandan Unsullied, ya ja igiya ya rushe mashigar, ya bar 'yan'uwansa a waje. Majaujawar kuwa jifa kaɗan suka yi aka dakatar da su, saboda mahayan sun shiga tsakani, kuma da igiyar matattu ta iso su ta fara haɗiyewa. Kunna wutar gwalalon ma an rataya shi ne a kan diragon, wato dodon nan mai fukafukai da ke feshin wuta, sai guguwar ƙanƙara ta hana Daenerys, sarauniyar da ke kan diragon, ganin alamar da Davos yake yi mata da tocila daga kan ganuwa. Ba don Melisandre ta zo ta kunna shi da sihirinta ba, da ramin bai yi aikin komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Wuta ta kama, matattu suka ja suka tsaya cak a bakin rami, a fili, a cikin haske, inda kibiya za ta same su. Wannan shi ne lokacin da duk mai tsaron gari yake addu'ar ya samu. Ba a yi musu ruwan kibiya ba. Da suka kwanta a kan wutar suka yi gada da jikinsu, suka iso gindin bango suka fara hawa kan juna, babu duwatsu a sama, babu tafasasshen mai, babu itace mai ci da wuta, alhali kowa a garin ya san wuta tana kashe su. Sai a lokacin ake ihun a hau ganuwa. Gari mai bango irin na Winterfell, amma bangon bai yi aikin minti goma ba a fim na minti 82.

Zan yi wa marubutan adalci a wurare uku. Winterfell ba za ta ɗauki dubban dawakai da dubban dakaru a cikinta ba, dole wasu su tsaya a waje. Sannan matattu ba sa cin abinci, ba sa barci, ba sa ciwo, ba sa tsoro, don haka babban makamin mai tsaron gari, wato jinkiri har mai ƙawanya ya gaji, ba ya aiki a kansu. Shirin ya san wannan makamin sarai: Stannis ya riƙe Storm's End kusan shekara guda har suka ci ɓeraye, sai da Davos ya saci hanya ya kai musu albasa, kuma a zango na shida Jaime ya karɓi Riverrun da barazana da ciniki, ba da tsani ba. Na uku, a kashi na biyu na zango na takwas an faɗa ƙarara cewa ba za a iya cin matattu gaba da gaba ba, dabarar ita ce a ajiye Bran a kurmin bauta ya zama tarko, Sarkin Dare, wato shugaban matattun da ke farautar Bran, ya fito, a kashe shi, sauran su zube. Duk na yarda. Amma wannan dabarar da kanta ita ce hujja a kansu. Idan abin da kake nema lokaci ne, to bango da rami su ne masu sayo maka lokaci. Kuma Jon ya gani da idonsa a Hardhome yadda Sarkin Dare ya ɗaga hannu duk waɗanda aka kashe suka miƙe. Duk sojan da ka tura waje ya mutu, ka ƙara wa maƙiyinka soja ɗaya ne. Haka nan ɓoye mata da yara a maƙabartar ƙarƙashin ƙasa, a tsakiyar gawarwakin sarakunan gidan Stark, alhali maƙiyin mai tayar da gawa ne. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, kuma a cikin masu shawarar har da Tyrion da Sam, waɗanda shirin ya shekara bakwai yana nuna mana kaifin hankalinsu.

Kada ka ɗauka ban ga kyan da ke ciki ba. Sukuwar Dothraki, takubbansu suna ci da wuta, an ɗauko su daga nesa suna tafiya kamar kogin haske, sannan fitilun suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya har shiru ya sauka, wannan yana cikin mafi kyawun abin da na taɓa gani a talabijin. A nan duhun ya yi aikinsa, domin abin da ba ka gani ba shi ne abin tsoron. Fagen Arya a ɗakin littattafai, tana laɓewa tsakanin kantoci, shi ma darasi ne a kan sarrafa sauti. Kiɗan fiyano na Ramin Djawadi a mintunan ƙarshe ya ɗauki nauyin da hoto ya kasa ɗauka. Amma ka lura, duk waɗannan fage ne da ka san inda kake da abin da ake tsoro. Tsakaninsu kuwa, dogon lokaci ne na ɗaukar kusa, ana sara ana ihu, ba ka san ko wannan lungun yana kusa da ƙofa ko kusa da kurmin da Bran yake ba.

Mu koma Blackwater. Kashi na tara ne a zango na biyu, inda Stannis mai neman karaga ya kawo wa babban birni King's Landing hari ta ruwa, Tyrion yana jagorantar tsaron garin, an nuna shi ranar 27 ga Mayu, 2012. George R. R. Martin, marubucin littattafan, shi ya rubuta shi da kansa, Neil Marshall ya ba da umarni, kuma kusan mako guda kafin a fara ɗauka aka kira shi. Sai da masu shirin suka roƙi HBO ƙarin kuɗi, aka ce kashin ya tashi a kimanin dala miliyan 8. A littafi da rana aka yi yaƙin, har da wata ƙatuwar sarƙa da Tyrion ya sa aka ƙera don rufe bakin kogi. Rashin kuɗi ya sa aka cire sarƙar aka mayar da yaƙin dare, domin duhu yana ɓoye jiragen da ba ka da kuɗin ginawa. Ka ga shi ma yaƙin dare ne. Bambancin shi ne an haska fuskoki, kuma an shimfiɗa wa mai kallo ƙasar tun kafin a zare takobi: ga ruwa, ga gaɓa, ga ganuwa, ga ƙofar da ake kira Mud Gate wadda aka ce ita ce mai rauni, ga fada a can sama inda mata suke. Layi ɗaya ne miƙaƙƙe, kuma Stannis yana bin sa mataki-mataki.

Kowane mataki yana da tambayarsa. Jiragen Stannis sun fi yawa, ta yaya za a tare su? Sai ga jirgi ɗaya tilo ya fito babu kowa a ciki, yana tsiyayar da koren ruwa, Bronn ya harba kibiya mai wuta, teku ta kama. Wannan koriyar wutar tana da asali a tarihi. Rumawan Ƙusɗanɗiniyya, wato Santambul ta yau, suna da wani haɗi mai ci ko a kan ruwa, da shi suka ƙona jiragen rundunar Maslama ɗan Abdulmalik a ƙawanyar 717 zuwa 718, kuma sun ɓoye sirrinsa har ya ɓace. Sarƙar ma tasu ce, ita ce Sultan Muhammad Alfatih ya kewaye a 1453 da ya sa aka ja jiragensa ta tudu. Bayan wutar, Stannis ya ce a sauka, aka ce masa ɗaruruwa za su mutu, ya ce dubbai ne. Tambaya ta koma gaɓa: za su iso bango? Sun iso, ana zuba musu kibiya da duwatsu daga sama. Suka kifa kwalekwale a kansu ya zama rumfa, suka kawo gungumen fasa ƙofa. Sandor Clegane ya fita ya tare su, wuta ta karya masa zuciya, ya juyo. Sarki Joffrey ya bar ganuwa ya koma wurin uwarsa, sojoji suka ga sarkinsu ya tafi, gwiwarsu ta yi sanyi. Tyrion ya tsaya ya gaya musu kada su yi yaƙi don sarki, garinsu ne ake shirin wawashewa, ƙofarsu ce ake duka, sannan ya fitar da su ta ɓoyayyar hanya suka faɗa wa masu gungumen ta baya. Duk abin da ya faru, abin da ya gabace shi ne ya haife shi. Kana iya zana taswirar yaƙin a takarda bayan kallo ɗaya.

Ga kuma abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan kashin. Kusan rabinsa ba a bakin daga yake ba, yana ɗakin da Cersei, uwar Sarki Joffrey, ta tara matan fada, tana shan giya tana gaya wa Sansa abin da ake yi wa mata idan gari ya faɗi, ga hauni Ilyn Payne a tsaye a bakin ƙofa, kuma a hankali muka gane ba gadi kawai ya zo yi ba. Daga ƙarshe tana zaune a kan karaga da ƙaramin ɗanta Tommen da kwalbar guba a hannu. Wannan ɗakin shi ya ba kowane dukan gungume nauyi. Sannan ɓangarorin biyu duk mutane ne da muka sani. Kana son Tyrion ya tsira amma ba ka son Joffrey ya ci nasara. Kana tausayin Davos, wanda ɗansa Matthos ya ƙone a gabansa, ta dabarar mutumin da kake goyon baya. Rundunar matattu ba za ta iya ba ka wannan ba, ba ta da fuska ba ta da dalili, don haka duk nauyin yana kan masu tsaro, shi ya sa ya zama tilas a ga abin da suke yi kuma ya zama mai ma'ana. Ƙarshen Blackwater ma, inda Tywin, mahaifin Tyrion da Cersei, da rundunar gidan Tyrell suka iso suka fatattaki Stannis, ba daga sama ya faɗo ba. An nuna Littlefinger yana kai wa Tywin shawarar ƙawance da gidan Tyrell, an nuna Tywin ya bar Harrenhal da dare. Kuma haka ƙawanya da yawa suka ƙare a tarihi, kamar Biyana, babban birnin Austriya, a ranar 12 ga Satumba, 1683, da Sarkin Folan Jan Sobieski ya iso da mahayansa ya watsa rundunar Turkawa ta Kara Mustafa. Kashin Blackwater ya ci kyautar Hugo, wadda ake ba labaran ƙagen kimiyya da almara, a 2013. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai: akwai fagen tsiraici a farkonsa, kamar sauran shirin, ba abin kallo ba ne a gaban yara ko iyaye.

Mutane sun yi ta jayayya a kan cewa Arya ce ta kashe Sarkin Dare ba Jon ba. Ni wannan bai dame ni ba. An shuka shi: a kurmin nan Bran ya ba ta wuƙar a zango na bakwai, kuma dabarar sauya wuƙa daga hannu zuwa hannu mun gan ta a atisayenta da Brienne. Beric ya ba da ransa don ta tsira, Theon ya ba da nasa don ya sayi 'yan daƙiƙu. Damuwata ita ce farashin daren. Sau da yawa an nuna Sam da Brienne da Jaime da Podrick da Tormund matattu sun danne su, a yanke zuwa wani wuri, a dawo a same su suna nan. Idan ka yi wa mai kallo haka sau uku, ya daina yarda da haɗarin. An rasa Edd da Lyanna Mormont da Jorah da sauransu, kuma mutuwar Lyanna da ta Theon sun taɓa ni, amma a kashi na gaba aka ce rabin rundunar ta tsira, kuma mahayan Dothraki da muka ga fitilunsu sun mutu suka sake bayyana da yawansu a King's Landing. Wannan ya koma baya ya rage darajar fagen da ya fi kowanne kyau a daren.

Tunda aikin kake koyo, akwai wani kashi kuma da nake so ka nema, The Watchers on the Wall, na tara a zango na huɗu, 2014, shi ma na Neil Marshall. Mutum ɗari da 'yan kai ne suke tsaron bango mai tsayin ƙafa 700, ana kawo musu hari ta gaba da ta baya, da dare. A tsakiyar faɗan akwai ɗauka guda da kyamara ta zagaya farfajiyar Castle Black, sansanin masu tsaron bangon, gaba ɗaya ba tare da an yanke ba. Ka tsayar da fim a nan, ka maimaita sau da yawa, ka rubuta sunan duk wanda ka gani da inda yake da wanda yake faɗa da shi. A ƙasa da minti ɗaya darakta ya sabunta maka taswirar wurin, sannan ya samu damar komawa ɗaukar kusa ba tare da ka ɓata ba. Idan ka zo ɗaukar naka fagen dare, ka zana wurin a takarda kafin ka kunna kyamara, ka sa haske kaɗan a bayan 'yan wasa don ya raba su da bango, ka bar ɗan ƙyalli a idanunsu, ka ɗauka da haske fiye da yadda kake so sannan ka rage wajen gyaran kala, domin rage haske yana da sauƙi amma dawo da abin da kyamara ba ta gani ba ba ya yiwuwa. Kafin ka sallami aikin, ka matse shi kamar yadda masu turawa za su matse shi, ka tura a waya mai araha, ka fita waje da rana ka kalla. Idan ba ka gane fuskoki a nan ba, ka koma ka ƙara haske.